Rabin Giram a Bayan Mai Cafkar Ƙuda

Sati biyu na yi ina koyon riƙon tsuntsu kafin a yarda in taɓa na'urar bin sawun ƙaurar tsuntsaye da ta kai ni wurin. Wuyansa zai shiga tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, bayansa ya kwanta a tafin hannu, sauran yatsun su kewaye shi kamar keji, amma ban da matsi. Da motsin ƙashin ƙirji tsuntsu yake numfashi, in ka danne masa ƙirji ka shaƙe shi ke nan, kana tsammanin lallashinsa kake yi. Ranar farko hannuna ya yi ta ɓari har sai da malamar da ke jagorantar aikin ta karɓe tsuntsun. Ta ce, "Kai ke tsoronsa, ko shi ke tsoronka?" Na ce, "Malama, kowa na tsoron kowa." Ta yi dariya, ta mayar mini da shi, ta ce in natsu in ji abin da ke cikin hannuna. Sai a lokacin na ji bugun zuciyarsa. Saboda sauri ba ya ƙirguwa, sai dai ka ji tafinka na karkarwa.

Tsuntsun da muke aiki a kansa ɗan mitsitsi ne, nauyinsa giram 12 zuwa 13. Masana na kiransa Ficedula hypoleuca, a harsunan Turai da dama kuma sunansa na nufin mai cafkar ƙuda, domin a kan reshe yake fako, ƙwaro na giftawa ya zabura ya cafke shi a sama ya dawo. Namijin a lokacin sheƙa baƙi ne ta sama, fari ta ƙasa, da ɗigon fari a goshi. Macen ruwan ƙasa ce, ba ta da wani ado. A dazuzzukan Turai suke ƙyanƙyasa a watannin Mayu da Yuni, a Agusta su ɓace, sai kuma a gan su a Afirka ta Yamma, kudu da Sahara. Wannan an daɗe da sani. Abin da muke nema shi ne na tsakani: ta ina tsuntsu guda yake bi, ina yake yada zango, kwana nawa yake yi a kowane zango, kuma yaushe yake tasowa ya dawo.

Akwai abin da ya sa tambayar ta yi zafi. A 2006 Christiaan Both da abokan aikinsa a Holan sun nuna cewa a dazuzzukan da tsutsotsin ganye suka koma fitowa da wuri saboda ɗumamar yanayi, yawan wannan tsuntsu ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a cikin shekara ashirin. Yana isowa a lokacin da ya saba, sai ya tarar kasuwa ta watse, tsutsar da zai ciyar da 'ya'yansa ta riga ta wuce. To me ya hana shi yin sammako? Ba mai iya amsawa sai an san inda yake tasowa da abin da ke riƙe shi a hanya.

Tsohuwar dabara ita ce zobe. Tun 1899 wani malamin makaranta ɗan Danmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben alminiyam mai lamba a ƙafa, kuma har gobe ana yi. Mu ma duk wanda ya shigo hannunmu sai mun sa masa. Amma wuri biyu kawai zobe ke faɗa maka, inda aka sa shi da inda aka tsince shi, in ma an tsince shi ɗin. Ga ƙananan tsuntsaye, sai ka sa wa ɗaruruwa kafin labarin guda ɗaya ya dawo daga nesa. Bai fi farar shamuwar nan ta 1822 da yawa ba, wadda aka harbe a kusa da Klütz a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, wadda har yanzu take ajiye a Jami'ar Rostock. Mashin ya tabbatar da ta je Afirka, amma bai ce ta ina ta bi ba.

Duk wanda na ba labarin aikin nan, tambayarsa ɗaya: me ya sa ba a sa musu na'urar da ke magana da tauraron ɗan'adam? Nauyi ne. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada abin da aka ɗora wa tsuntsu ya wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyinsa. Ga mai giram 12, iyakar kayansa bai wuce giram 0.6 ba. Na'ura mai aika saƙo sama tana buƙatar batir da eriya da suka ninka haka sau da yawa. Don haka abin da muke da shi shi ne jiyoloketa, 'yar aba kamar ƙwayar maɓalli, wajen rabin giram. Cikinta agogo ne, da batir, da wurin ajiyar bayani, da ɗan ido mai auna haske a kan wani siririn tsinke da ke leƙowa daga cikin gashi. Ba ta san inda take ba, ba ta kuma aika wa kowa komai. Duk bayan 'yan mintoci tana rubuta ƙarfin hasken da ya sauka a kanta, shi ke nan aikinta. Kafin ka karanta abin da ta rubuta, dole ka sake kama tsuntsun da ka ɗora wa ita, shi ɗin dai, bayan shekara guda.

Shi ya sa mai cafkar ƙuda ya dace da aikin. A kogon itace yake sheƙa, kuma yana karɓar akwatin katako da aka kafa masa a jikin bishiya hannu bibbiyu. Da yawa daga waɗanda suka rayu kuma dajin bara suke komowa.

Aikin Mayu zagayen akwatuna ne. Kowanne da lambarsa, ka buɗe, ka leƙa, ka rubuta. Yau ciyawa da ɓawon itace, jibi an gama sheƙa, sannan ƙwai su fara bayyana ɗaya kowace safiya, shuɗaye masu haske, har shida ko bakwai. Uwar za ta kwanta musu kamar sati biyu. Ba ma kama iyayen sai 'ya'yan sun yi wajen mako guda, domin a lokacin shaƙuwa ta yi ƙarfi, kamu ba zai sa su yi ƙaura su bar sheƙar ba. Tarkon ɗan marfi ne da ake maƙalawa ta cikin akwatin a tokare shi da tsinke. Tsuntsu na shiga da abinci a baki ya ture tsinken, marfin ya faɗo ya rufe ƙofar. Kai kuma kana laɓe a bayan bishiya, sauro na cin rabonsa, ba halin ka yi motsi.

Daga akwati sai jakar yadi, domin duhu na kwantar musu da hankali. Sai zobe, sai awon fiffike da rula, sai awon nauyi, inda ake zura tsuntsun da kai ƙasa cikin wani ɗan bututu a ɗora a ma'auni, ƙafafunsa na sama. Ban taɓa ganin wannan ban ji dariya ba, kuma ban taɓa ganinsa ban ji kunyar tsuntsun ba. Wanda bai kai nauyi ba, ko aka ga rauni a jikinsa, zobe kawai zai samu a sake shi. Wasu kuma da gangan ake barinsu da zoben launi kaɗai ba na'ura, don a kwatanta baɗi a ga ko masu kaya sun fi ƙin dawowa.

Ɗaura na'urar ne wurin da gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ɗamarar zare ce mai laushi da aka yi wa zagaye biyu. Kowane zagaye zai shiga ƙafa ɗaya ya haye har cinya, na'urar ta zauna a ƙasan baya kamar goyo, fuka-fukai ba abin da ya taɓa su. A nan na yi kuskurena na farko. Gaɓar da ido ke gani a ƙafar tsuntsu, wadda kowa ke ɗauka gwiwa ce mai kallon baya, idon sawu ce. Gwiwar gaskiya na can sama, ɓoye cikin gashi a jikin ciki, kuma dole zaren ya haye ta. Ni kuwa na tsaya a ƙasa da ita, na ɗago kai ina jiran yabo. Malama ta sa ɗan yatsa ta ja kaɗan, na'urar ta zame ta faɗo a tafinta. Ba ta ce komai ba, ta miƙo mini. Idan ɗamara ta yi sako-sako za ta suɓuce a hanya, ko ta maƙale a ƙaya da tsuntsun a jiki. Idan ta matse kuma, ga matsala: kafin ya tsallaka hamada tsuntsun zai tara kitse har jikinsa ya cika fam, ɗamarar da ta yi masa daidai a Yuni sai ta zama ƙunci a Satumba. Milimita ɗaya ko biyu ne tsakanin daidai da ɓarna, kuma duk wannan cikin 'yan mintoci za a gama shi, domin 'ya'ya na jiran abinci.

Wadda na fara ɗaura wa da kyau, har Malama ta duba ta gyaɗa kai, macen akwati mai lamba 47 ce. Da na buɗe hannu ta tashi ta sauka a reshe, ta karkaɗe jiki, ta juya baki tana tsattsage bayanta. Ba mu bar wurin ba sai da muka ga ta koma akwatin da tsutsa a baki. Makonnin da za ta ƙara yi a dajin suna da amfani na musamman, domin mun san inda take, mun san lokacin da rana ke fitowa a wurin, don haka za mu gane wane ƙarfin haske ne ke nufin wayewar gari a bayan wannan tsuntsuwa mai son inuwar ganye. Da wannan awon za a fassara sauran shekarar duka.

Daga nan sai jira, wata goma. Ba taswirar da za ka buɗe da safe ka ga ɗigo ya matsa. Na cika lokacin da karanta abin da wasu suka gano da irin wannan na'ura. A cikin tsuntsaye, a kan na teku aka fara amfani da ita, sai a 2007 Bridget Stutchbury ta Jami'ar York a Kanada ta ɗora ta a kan ƙananan tsuntsaye 34 a jihar Pennsylvania ta Amurka. Bakwai kawai ta samo baya. Amma a cikinsu akwai wata irin tsattsewa da ta dawo daga Burazil cikin kwana 13, saurin da ba wanda ya zata. Daga baya aka gano wani tsuntsu mai giram 25 da ke tashi daga Alaska ya ratsa Asiya ya sauka a gabashin Afirka, tafiyar kusan kilomita 15,000, ya kuma koma. Aka gano wani mai giram 12 da ke tashi daga gaɓar arewa maso gabashin Amurka ya bi ta kan Tekun Atlantika kwana biyu zuwa uku ba sauka. Wanda ya fi ba ni tausayi da sha'awa shi ne Bill Cochran, wanda a 1973 ya liƙa wa tsuntsu ɗaya 'yar rediyo, ya bi shi a mota da eriya a kan rufi, dare bayan dare na mako guda, daga Illinois har Manitoba. Shi aƙalla yana jin ƙarar tsuntsunsa. Yanzu akwai tsarin Motus da aka fara a Kanada a 2014, inda hasumiyoyi ke jin 'yan rediyon tsuntsayen da suka gifta kusa da su, amma inda ba hasumiya ba labari, kuma ba wanda ya jera hasumiyoyi a tsakiyar Sahara.

A ƙarshen Afrilu muka koma daji da madubin hangen nesa. Maza ke fara isowa, kowanne ya kama akwati ya hau rera waƙa. Kai kuma idonka na kan ƙafa da baya: akwai zoben launi? Akwai ɗan tsinke mai leƙowa? Sau da yawa gashi ya rufe shi, sai tsuntsun ya juya wa rana baya ka ga wani abu ya ƙyalla.

Yawancin waɗanda muka ɗora wa ba su dawo ba. An gaya mini tun farko haka za a yi, domin ko ba na'ura, kusan rabin manyan irin waɗannan tsuntsaye ba sa ganin shekara mai zuwa, wasu kuma sun rayu amma sun sauya daji. Sanin haka bai rage mini nauyin buɗe akwatin da na san mai shi in tarar da baƙo ba. Wani namiji ya dawo da zobensa lafiya lau, bayansa wayam. Na duba littafi, ni na ɗaura masa. Wani kuma mun samo na'urarsa, amma batirin ya mutu tun tsakiyar zamansa a Afirka, muka samu labarin tafiya ba na dawowa.

Ta 47 ba ta koma 47 ba. A wani akwati can gefen rafi na gan ta, ta riga ta fara jan ciyawa. Sai da na danne zuciyata na bar ta ta yi ƙwai, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka yi mako, sama da wata guda ina wucewa ta gabanta kullum da labarin shekara a bayanta. Ranar da marfin ya faɗo, na sa ɗan almakashi na yanke zaren, na hura gashin bayanta na duba fatar. Ɗan wuri ne ya yi sanƙo, ba ciwo. Na auna ta, na sake ta.

Abin da ya fito a kwamfuta jerin lambobi ne, layi dubbai: kwanan wata, lokaci, ƙarfin haske. Idan an zana su sai su zama tudu da kwari, kowane tudu yini, kowane kwari dare. Lissafin irin na matuƙan jiragen ruwa na da ne. Duniya na juya digiri 15 a awa, wato digiri ɗaya a minti huɗu, agogon na'urar kuwa yana nan a kan lokacin da aka saita shi. Idan tsakiyar yini, wato rabin tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, ta koma zuwa a makare da minti 40, tsuntsun ya matsa yamma da digiri 10. Gabas da yamma ke nan, su ne masu sauƙi. Kudu da arewa daga tsawon yini ake ciro su, domin a Disamba yinin arewacin Turai gajere ne ƙwarai, na kusa da tsakiyar duniya kuwa bai nisa da awa 12.

A baki abin da daɗi. A aikace sai da na zauna na duba fitowa da faɗuwar rana sama da ɗari shida ɗaya bayan ɗaya. Tsuntsuwar ta kwana cikin duhun ganye, ko gari ya waye da hadari, sai na'urar ta ce rana ta makara, lissafi kuma ya ɗauke ta ya jefa wani wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Ko a rana mai kyau, kuskuren kilomita 100 zuwa 200 ba abin mamaki ba ne. Saboda haka ba a samun ɗigo, gajimare ake samu, a ce tana wani wuri a cikinsa. Ina ganin taswirori masu santala-santalan layuka a jaridu, sai in tuna yadda nawa ya fara fitowa, kamar an watsa tsakuwa a faranti.

Duk da haka tafiyar ta fito. A Agusta tsakiyar yininta ta fara jinkiri, kaɗan-kaɗan, har ta kai kusan awa guda. Ta yi kudu maso yamma ke nan, ta tsaya makonni a yankin Sifen da Fotugal, inda aka san wannan tsuntsu na tara kitse. Sannan sai makanta. Wajen 22 ko 23 ga Satumba, da kuma 20 ko 21 ga Maris, dare da yini kan daidaita a duk faɗin duniya, tsawon yini ya daina bambanta kudu da arewa na makonni kafin ranar da bayanta. Kuma daidai wannan lokaci ne ta zaɓa ta tsallaka. Wurin da na fi son gani, shi ne wurin da na'urar ta rufe ido ɗaya.

Ina cikin wannan takaici na lura da wasu yini biyu da ba su yi kama da sauran ba. Tudun kowane yini a shekarar yana da tsage-tsage, domin tsuntsuwar daji ce, tana shiga inuwa tana fita. Waɗannan biyun kuwa sumul suke, haske ya hau da asuba ya cika, bai sauko ba sai faɗuwar rana, ko gajimaren ganye ɗaya babu. Na ɗauka na'urar ce ta samu matsala. Na kira Malama na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina ne tsuntsu zai yini biyu ba inuwa ko ɗaya ta taɓa bayansa?" Na yi shiru. Ta nuna sama da biro.

A sama take. An daɗe ana ɗauka cewa ƙananan tsuntsaye da dare kawai suke tafiya, da rana su sauka su fake a gindin dutse ko ƙaya, kuma da yawa haka suke yi. Amma a 2016 Janne Ouwehand da Christiaan Both na Jami'ar Groningen sun nuna, da irin wannan sumul ɗin haske, cewa mai cafkar ƙuda na yin awa 40 zuwa 60 yana tashi ba sauka idan ya zo tsallaka Sahara, kuma akwai alamun cewa a tafiyar kaka ta kan teku yake ratsewa, gefen gaɓar Afirka. Sai na tuna ɗigogin da suka faɗa cikin Atlantika, yamma da Maroko da Muritaniya, waɗanda na yi niyyar gogewa a matsayin kuskure. Na mayar da su. Sababbin na'urori masu auna matsin iska sun ƙara wani abin: a 2021 masana a Jami'ar Lund ta Suwidin sun nuna wani tsuntsun fadama na haurawa sama da mita 5,000 da rana a kan hamada, wani ma ya wuce 6,000, sannan ya sauko ƙasa-ƙasa da dare.

Bayan tsallakawar, tsakiyar yininta ta tsaya cak wata shida, ba gabas ba yamma. Gajimaren ya zauna a tsakanin Gini da Kodebuwa. A Afrilu sai ga wani sumul ɗin, sannan agogo ya fara gudu baya da sauri. Dawowar ba ta ci ko rabin lokacin da tafiyar ta ci ba.

Abu ɗaya na damuna a duk lokacin da na kalli taswirar, kuma na faɗa wa Malama. Duk layin da ke kanta na wanda ya tsira ne. Tambayar da ta kawo mu ita ce me ke kashe su, a ina, amma wanda ya faɗi a hamada ko a teku ya tafi da na'urarsa da amsarsa. Muna zana hanyar da ta yi kyau, muna kiranta hanyar ƙaura. Ta ce gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a dogara da dabara ɗaya: zobe, da rediyo, da ƙidayar tsuntsaye a wuraren zango, kowanne na toshe wani rami. Ta ce in ci gaba da duba layukan, ban kai ƙarshe ba.

Layukan ƙarshe su kaɗai ne zan iya gwadawa da abin da idona ya gani. A Mayu yinin ya fara kakkaryewa da dogon duhu da rana tsaka, haske na 'yan mintoci, sai duhu kuma, haka har sati biyu. Na buɗe littafin zagayena na jera kwanakin: kwancin ƙwai ne, tana cikin akwatin gefen rafi, tana fita ta ci ta dawo. Ranar da duhun ya ragu ta yi daidai da ranar da na rubuta cewa 'ya'ya shida sun fito. Mako guda bayan haka, da hantsi, hasken ya yanke gaba ɗaya, kuma daga nan har layin ƙarshe duhu ne, duhun aljihun rigata.